Auna tsawon wayar eriya ba tare da tef ba

Ka ce, "Oga, wayar nan ta bi ta cikin silin ta hau turke, yaya zan san tsawonta ban zaro ta ba?" To yaro, ɗauko analaiza, na'urar gwajin eriya da wayarta.

Hau ka kwance wayar daga jikin eriya tukuna, ka bar bakinta a buɗe, kada ya taɓa ƙarfe. In ka bar eriyar a haɗe, lissafinka duk ya ɓaci. Sai ka sauko ka ɗaura ɗaya bakin a analaiza, ka fara daga firikwensi mafi ƙasa kana murzawa a hankali, idonka a kan om, wato lambar turjiyar lantarki da analaiza ke nunawa. Zai yi ta sauka har ya kusa sifili, sannan ya juya ya hau. Rubuta firikwensin wurin, a megahaz. A nan wayar ta cika rubu'in zango, wato rubu'in tsawon igiyar sigina guda: siginar ta je bakin da ke buɗe, ta dawo a juye, ta kashe mai fita.

Lissafin kuwa: 75 sau kason gudun wayar (gudun sigina a cikinta in an kwatanta da na haske), a raba da megahaz ɗin da ka rubuta, amsar a mita take. Shi 75 ɗin rubu'in 300 ne, saboda haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Amma sigina a cikin waya ba ta kai wannan gudun ba, robar da ke tsakanin jijiyar tsakiya da raga ce ke rage mata. Wayoyi irin RG-58 da RG-213 masu taurin roba kasonsu 0.66 ne. RG-6 ta dish, mai farar kumfa, ta haura 0.8. Idan om ya faɗi a megahaz 2.5 a kan RG-58, 75 sau 0.66 ya ba ka 49.5, raba da 2.5, mita 19.8 ke nan.

Doguwar waya ita ce mai ba da wahala. Mai mita 60 faɗuwarta ta farko tana wajen megahaz 0.8, alhali analaizar shagon nan, MFJ-259B, ba ya sauka ƙasa da 1.8. Kada ka damu da ta farkon. Nemo faɗuwa biyu da ke bin juna, ka ɗebe ƙaramar daga babbar, ka yi aiki da 150 maimakon 75. Waccan wayar da ta faɗi a 2.5 za ta sake faɗuwa a 7.5, tazara 5 ke nan, kuma 19.8 ɗin za ka samu. Ni wannan hanyar na fi so, don ko bakin a buɗe yake ko ya yi shot (jijiya ta taɓa raga), tazarar ba ta canzawa.

Kason gudun nan kuma kada ka dogara da rubutun jikin waya, masu ƙera ta ba roba ɗaya suke zubawa ba. In ka sayo naɗi a Sabon Gari, yanki mita 5 cif, nemo faɗuwar farko, ka yi 5 sau firikwensin, raba da 75. Ka ga 9.9, to 0.66 ce. Rubuta a jikin naɗin da maka.

Da wannan ake kamo wurin da waya ta lalace. Maigida ya ce mita 40 aka sa masa, lissafi ya ba ka 12, to je ka duba wajen mita 12, ko ɓera ya ci ko ƙusa ta huda ta. In kuwa tsawon ya yi daidai amma om ya ƙi sauka sosai, wayar na shanye sigina. Bayan damina ruwa ne yawanci, ya shiga ta kwanekta ta sama da ba a naɗe da tef ba. Fere bakin ka duba ragar, in ta yi baƙi ko kore, ka yi ta yankewa har ka iske mai ƙyalli.