Amsa ga 'yar'uwar da ke neman mai ba da shawara ta waya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce rigimar gida da ɗawainiyar yara sun hana ki barci, kina tambaya ko ganawa da masanin halayyar ɗan Adam ta intanet tana da amfani, tunda fita asibiti na yi miki wuya.

Tana da amfani sosai, musamman ga damuwa irin taki. Yawanci zama ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako, ta kiran murya ko bidiyo. Abin da ya fi ba matanmu wahala shi ne sirri. Gida cike da mutane, ga yara na leƙo labule, ga facala a tsakar gida, ina za ki buɗe cikinki? Ki zaɓi lokacin da yara suka tafi Islamiyya, ki rufe ƙofa, ki sa abin saurare a kunne.

Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi masanin inda ya yi karatu da shaidar aikinsa. Masu kiran kansu ƙwararru sun yi yawa a Facebook, wasu ma maganin mallaka za su tallata miki.

Amma idan rashin barcin ya kai makonni, abinci ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, waya ba ta isa ba. Ki ga likita ido da ido, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan kuma akwai duka a cikin lamarin, ki sanar da magabatanki yau ɗin nan.

Allah Ya yaye miki.