Amsa: Rantsar da shugaba alhali ƙara tana kotu

Malam, ka tambaya ko ya halatta a rantsar da shugaban ƙasar Najeriya ranar 29 ga Mayu alhali 'yan adawa suna kotu, kuma ko bikin yana ɗinke ɓaraka.

Ya halatta. Matsalar tana cikin lissafin kwanaki ne. Wanda ya sha kaye yana da kwana 21 daga bayyana sakamako ya shigar da ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ƙoli kuma kwana 60. A 2023 an yi zaɓe 25 ga Fabrairu, aka rantsar da Tinubu a dandalin Eagle Square a watan Mayu, amma sai 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta rufe magana. Wata biyar ke nan mutum yana kan kujera, ya naɗa ministoci, ya sauya hafsoshin tsaro; magoya bayan wanda ya kai ƙara kuwa gani suke an gama shari'a tun kafin a fara. A Kenya kwana 14 kotu take da su, kuma sai ta gama ake rantsarwa. Wannan ya fi tsafta a ganina.

Batun haɗin kai, kada ka auna shi da jawabin ranar, kowa ya iya daɗin baki. Dubi jerin ministocin da dole a miƙa wa Majalisar Dattawa cikin kwana 60, da yadda za a raba shugabancin majalisa a watan Yuni. A 2015 a nan APC ta fara tsagewa, da Saraki ya zama shugaban dattawa ba da yardar jam'iyyarsa ba.