Makullin tsaro na hannu: sayi biyu, ka fara da imel

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da atamfa a Agege, yawancin masu saye ta Facebook suke samuna. Kwanan baya 'yan damfara suka mayar da layin maƙwabcina kan wani sim, suka ƙwace shafinsa, suna ta karɓar kuɗin jama'a da sunansa. Yarona ya ce in sayi wani ɗan makulli da ake soka wa waya. Ba asarar kuɗi ba ce? Yaya ake haɗa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Yaronka ya yi gaskiya, ka saya.

Lambar sirrin da ake turowa ta saƙon tes, layin waya take bi. Duk wanda layinka ya koma hannunsa, shi za ta je wa. Makullin kuwa yana aljihunka, kuma sai ka taɓa shi da yatsa yake aiki. Abin da ya fi burge ni da shi, yana duba adireshin shafin da kansa. Ko an turo maka shafin bogi mai kama da Facebook sak, har ka rubuta kalmar sirrinka a ciki, makullin ba zai amsa ba. A 2018 kamfanin Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da shi a farkon 2017, ba a sace asusun aikin ko ɗaya ta irin wannan yaudara ba.

Waɗanda aka fi sani su ne YubiKey na kamfanin Yubico da Titan na Google. Ka nemi mai tsarin FIDO2, wato ƙa'idar da irin waɗannan makullai ke aiki da ita, wanda bakinsa ya dace da wurin cajin wayarka, kamar USB-C, ko mai NFC da ake kara shi a bayan waya kawai. Ko a Computer Village ta Ikeja za ka saya ko ta intanet, kada ka karɓi wanda aka buɗe kwalinsa, komai arha.

Don Allah ka sayi biyu. Kamar makullin shago ne, ɗaya a jikinka, ɗaya a gida inda kake ajiye takardun fili. Legas ce, a cikin motar haya ta danfo ma abu yana iya faɗuwa, kuma wanda ya yar da makullinsa tilo zai sha wahala kafin asusun ya dawo hannunsa. Kamfanin Apple ma ba ya yarda a kunna wannan tsari sai da makulli biyu.

Da imel za ka fara, domin ta nan ake sauya kalmar sirrin sauran shafukanka. Shiga asusunka na Google, ka je sashen tsaro, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata shaida bayan kalmar sirri, ka zaɓi ƙara makullin tsaro. Soka shi, ka taɓa. In ya nemi lambar PIN, ka sa wadda ba za ka manta ba, don kuskure takwas a jere yana kulle shi, sai an goge duk abin da ke cikin makullin a sake haɗa shi. Nan take ka haɗa na biyun. Google zai ba ka lambobin ko-ta-kwana guda 10 na shiga asusun in makullin ba ya hannunka, ka rubuta su a takarda, ba a waya ba. Sannan ka maimaita a Facebook.

Bayan ka gwada duka biyun sun yi aiki, ka cire saƙon tes daga hanyoyin shiga. Mutane da yawa a nan suke sakaci, in kuwa ka bar shi, mai sace layi ta nan zai bi, kuɗin makullin ya tafi a banza.

Asusun banki daban ne. Tokin ɗin da bankuna ke bayarwa mai fitar da lambobi wani abu ne na kansa, ka je reshenku ka nema. WhatsApp kuma ka sa masa PIN ɗinsa mai lamba 6 yau ɗin nan, kyauta ne. Allah ya tsare dukiya, ya ƙara kasuwa.