Amsa: Me ya sa ake haɗa bakteriya iri biyu a faranti ɗaya?

Ƙanwata, kin tambayi dalilin da malaminku a Jami'ar Jos ya ce ki shuka bakteriya biyu tare, alhali an koya muku raba su tsaf.

Dalilin yana cikin ƙwayoyin gadonsu. Da aka karanta na Streptomyces coelicolor, wata bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa, a 2002, an ga rukunonin gado fiye da 20 masu iya haɗa sinadarai, amma kaɗan ne aka san suna aiki a ɗakin gwaji. Sauran barci suke. Ƙwayar da ke ita kaɗai, ga abinci a wadace, ba ta da dalilin ƙera makami, wato sinadarin kashe wasu bakteriya. Kawo mata kishiya ki ga aiki! Haka masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka samo keyicin, wani sinadari mai kashe bakteriya, a 2017, da suka haɗa bakteriyar Micromonospora da ta Rhodococcus. Micromonospora ita kaɗai ba ta fitar da shi.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne wajen kwatantawa. Dole ki shuka kowace ita kaɗai a gefe, ki tace ruwan ukun (na haɗin da na kowace ita kaɗai), ki gwada su a kan Staphylococcus aureus, wata bakteriya mai sa cuta, ki ga wanne zai hana ta girma. In ba haka ba, ba za ki san ko haɗin ne ya haifar da abin ba. Kuma ki yi haƙuri, Streptomyces na ɗaukar kwanaki kafin ta yi girma, don haka ki fara shuka ta.

Ƙasar bakin tsoffin kududdufan kuza na wajen Bukuru ta cancanci gwaji don neman irin waɗannan bakteriya, a ganina. Haɗa sinadarin da hannu kuwa aikin masana kimiyyar sinadarai ne, bayan an gano siffarsa.