Ragowar baƙin mai a galan

Lawali, jiya da muke rufe gareji ka nuno min galan ɗin da Alhaji mai Hilux ya bari tun juyen da muka yi masa bara, ka ce, "Oga, wannan ragowar za ta sake yin aiki, ko mu ba masu shafa wa katako?" Hankalina yana kan wani injin a lokacin, shi ya sa na ce sai da safe.

Galan da ba a fasa murfinsa ba, kamfanonin da ke haɗa man suna ba shi kusan shekara 5, in an ajiye shi inda ya dace. Duba jikin galan, yawanci akwai ranar da aka cika shi. Wanda aka buɗe kuwa, ni shekara ɗaya nake ba shi, ba na wuce haka.

Iska ce abokiyar gabarsa. Galan mai lita 4 in ya koma rabi, sauran rabin iska ce. Da rana ta yi zafi ta kumbura, da dare ta huce ta jawo wata daga waje. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Gusau, iskar nan cike take da danshi, ruwan kuma cikin man yake sauka. Da hunturu sai ƙura. Ita ƙurar nan da kake hurewa a kan tebur, in ta shiga inji yashi ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ina yaron shago na zuba wa wata Peugeot 504 man da ya kwana sati uku a buɗe cikin hazo. Wata biyu ba a yi ba injin ya buga, maigidana kuma ya sa na kwance shi ni kaɗai, har yau ina tuna ciwon bayan.

Saboda haka kar ka ajiye shi cikin kwantenar can ta kwano. A Afrilu zafi kan haura digiri 40 a waje, balle a ciki. Kai shi ɗakin kaya, ka ɗora a kan katako, ka goge bakin galan kafin ka matse murfin. In saura kaɗan ne, juye shi a ƙaramar roba busasshiya har wuya. Kuma kar ka haɗa ragowar 20W-50, wato lambar kaurin man da ke jikin galan, da mai wata lamba don kawai galan ya cika.

Na Alhaji, zuba kaɗan a farar kwalba ka ɗaga wa rana. In ya fito garau kamar zuma, ka murza tsakanin yatsu ba ka ji tsakuwa ba, zai yi ciko. In ya yi fari-fari kamar koko, ko ka ga gurɓi a gindi, ajiye wa masu katako. Ka zo da maka ma, alƙalamin nan mai kaurin rubutu, daga yau duk galan da muka fasa sai mun rubuta ranar a jikinsa.