Jakar iska a motar da aka zaunar: za ta ƙara mini lodi?

Tambaya: Ina sarin hatsi a kasuwannin ƙauye ina kawowa Dawanau. Na sayi a-kori-kura ƙirar Ford F-150 'yar Kwatano cikin rahusa, sai dai wanda ya yi amfani da ita a Amurka ya zaunar da ita ƙasa don ado. Da na ɗora buhu shida sai bayanta ya zauna, tana bugun ƙarfe a kowane rami. Bakanike ya ce a sa mata jakar iska a baya, za ta ɗauki buhu goma sha biyu. In zuba kuɗin?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ka biya ko sisi kafin ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙinta. Motocin Amurka suna zuwa da takarda a manne a wurin, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe, da kilo da kuma fam. Akwai wata kuma mai ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da lodinta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, zai ɗauka. A ce takardar ta rubuta kilo 750. Cire direba da yaron mota, kamar kilo 140, saura 610. Buhun masara mai kilo 100 guda shida ke nan, ka kai maƙura. Buhu goma sha biyu kilo 1,200 ne, kusan ninki biyu.

Jakar iskar da bakanikenka yake nufi roba ce mai kauri da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksil na baya, a hura ta ta ɗago mota. Kamfanonin da suka yi suna a kanta su ne Air Lift da Firestone, duk na Amurka. Za ka ga an rubuta a kwalin wasu cewa suna tallafar fam 5,000, kimanin kilo 2,270, kuma wannan adadin ne yake ruɗar mutane. Su kansu masu ƙera ta sun rubuta ƙarara cewa kada a wuce iyakar da kamfanin mota ya sa. Aikinta ta daidaita mota, fitilu su daina haska sama, sitiyari ya daina sauƙi a hannu. Birki, da taya, da aksil, da shasi, duk suna nan yadda suke. Akumari mai kauri yana hana bayan jaki ciwo, amma ƙafafun nan huɗu su ne dai za su yi tafiyar.

Taka motar kuma tana da ƙarin matsala, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Ka sa a hau da ita rami, ka shiga ƙarƙashi da kanka. A irin waɗannan motoci, daga kamfani sifirin yana saman aksil ne. Masu zaunar da mota sukan juya shi, aksil ya koma saman sifirin, bayan motar ya sauka wajen inci biyar ko shida. Wasu kuma zare ganyen sifirin suke yi. Da yake aksil ya matso kusa da shasi, sai su yanke wani ɓangare na shasin a daidai samansa, kamar baka, don ya samu wurin motsi. Idan an yi wannan yankan, duba ko an ƙarfafa wurin da farantin ƙarfe mai kauri, ko kuwa an bar shi haka. In ka ga tsaga, ko tsatsa ta ci bakin walda, maganar jakar iska ta ƙare, domin daidai wurin nan jakar za ta riƙa turo nauyi. Shasi in ya karye da lodi a hanya, asarar ta wuce ta hatsi.

Duba tayoyin ma. Mai zaunar da mota don ado yawanci siraran tayoyi yake sa mata. A jikin kowace taya, bayan girmanta, akwai lamba: 100 tana nufin kilo 800, 112 kuma kilo 1,120. Tayar ado da zafin kwalta na watan Afrilu da lodin masara ba sa shiri.

In shasin lafiya lau yake, kuma ka amince za ka tsaya a iyakar takarda, to ana iya sa jakar, amma da sharuɗɗa. Wadda aka yi wa mota mai tsayin kamfani ba za ta shiga taka ba. Za ta kasance a matse, ƙarfe ya riƙa cin ta har ta fashe. Akwai gajeru da aka ƙera musamman don motocin da aka zaunar, sai an auna tazarar da ta rage kafin a yi oda. Kowace jaka a ba ta tiyonta da bakin hurawarta daban. In aka haɗa su a tiyo ɗaya, da ka sha kwana iskar za ta gudu daga ɓangaren da nauyi ya danna ta koma ɗayan, mota ta ƙara karkata. A nisanta tiyo da salansa, a sa faranti mai kare zafi. Kada bakanike ya huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa don ɗaura ƙarfen riƙo. Bayan an gama a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa can iska take fita. Yawancinsu ba a barin su ƙasa da PSI 5 (ma'aunin ƙarfin iska) ko mota ba kaya, ba a kuma wuce 100, don haka ka sayi gejinka, kada ka bar wa mai faci ya hura da ido.

Ga masu tsohuwar Hilux da ke karanta wannan: da yawansu suna da bawul a baya wanda yake auna yadda mota ta zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Jakar iska in ta ɗago motar, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya. Sai an sa wanda ya san aikin ya daidaita shi.

Yanzu batun kuɗi. Jakar nan da dala za a sayo ta, ga kuɗin kawowa, kuma in ta fashe a hanyar ƙauye da wuya ka samu madadinta a kusa. Ko ta zauna daram, ƙarƙashin motar yana nan kusa da ƙasa, tudun rage gudu da hanyar damina za su ci gaba da gugar ta. Ni da nake kallon jarinka, na fi son ka je Ƙofar Ruwa ka ji farashin sifirin da shokazoba na asali a mayar da ita tsayinta. Ka kuma tambayi nawa samari masu son irin wannan ado za su saye ta a yadda take, domin wataƙila rahusar da ka samu riba ce in ka sayar. Sannan ka lissafa abin da kake biyan motar haya kan kowane buhu, ka ninka da buhunan da kake kawowa a wata. In kasuwancinka na buhu goma sha biyu ne zuwa sama a kowace tafiya, ka ɗora kuɗin jakar a kan kuɗin motar ka nemi Dyna ko Canter.