Tambayoyinku: Yadda Ake Ajiye Abincin Jariri a Firiji da Firiza

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya shiga wata bakwai, ni kuma na koma aiki. Ina so in riƙa dafa masa faten kabewa da na dankali ranar Lahadi, in ajiye na mako guda. Yaya zan yi kada ya lalace?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Dabararki ta yi, sai dai firiji ba zai riƙe miki abincin mako guda ba. Abincin jariri da aka dafa a gida kwana 2 ne iyakarsa a firiji, in kuwa da nama, kifi ko ƙwai a ciki, kwana 1. Ragowar kuwa, firiza za ki kai, tun ranar da kika dafa.

Ki sani sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai lokacin da fate ke hucewa a hankali cikin rufaffiyar tukunya. Don haka daga sauke tukunya zuwa shiga sanyi kada ya wuce awa 2. In zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda muke gani da bazara, awa 1 ce. Juye faten a faffaɗan kwano, ki tsoma gindinsa a bahon ruwan sanyi kina juyawa, zai huce da wuri.

Daga nan ki zuba a tiren ƙanƙara mai murfi wanda kika wanke da sabulu da ruwan zafi. A yawancin tire kowane gurbi na ɗaukar kusan babban cokali 2. Idan ya daskare, ki ɓamɓaro dunƙulen ki zuba a ledar firiza ko roba mai murfi, ki matse iskar, ki rubuta sunan abincin da kwanan wata. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ki yi amfani da shi cikin wata 1 zuwa 2. Ban da kwalbar gilashi cike maƙil, domin abinci na kumbura in ya daskare, kwalbar ta tsage.

Wajen narkarwa ne mata da yawa ke ɓata aikinsu. Kada a bar dunƙulen a kan tebur ko a rana, domin bayansa zai yi ɗumi alhali cikinsa na daskare. Ko dai ki sauko da biyu ko uku cikin firiji tun dare, ki yi amfani da su cikin awa 24, ko ki jefa su kai tsaye a ƙaramar tukunya da ɗan ruwa. Ki ɗumama har ya yi turiri ciki da waje, ki juya sosai, ya huce, ki ɗiga a bayan hannunki kafin ki ba shi. Sau ɗaya ake ɗumamawa, kuma wanda ya narke ba ya komawa firiza.

Abin da yaro ya rage a kwanonsa ba a ajiye shi, cokali ya riga ya kai masa yawu. Mun san zubar da abinci da ciwo a wannan tsadar, shi ya sa ake ɗiba kaɗan-kaɗan, in ya cinye a ƙaro da cokali mai tsabta.

Kabewa, karas, dankalin Hausa, wake da naman kaza duk suna jure daskarewa. Ayaba da piya baƙi suke yi, gara a murje su nan take. Shinkafa kuwa sai an kula, akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta saki guba in abincin ya jima da ɗumi, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar. A sanyaya ta cikin awa 1, a ci cikin kwana 1.

Tambaya: A unguwarmu sai a wuni ba wuta. Ta yaya zan gane abincin da ke firiza yana nan lafiya?
Wata uwa daga Kano

Amsa: Idan ba a buɗe ƙofa ba, firiji na riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kamar awa 48, mai rabi awa 24. Ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare, ki tura abincin yaro can ƙasa tsakaninsu. Sannan ki duba ledar. In dunƙulen na nan daban-daban da tauri, lafiya lau. In kika tarar sun haɗe sun zama curi guda, to sun narke sun sake daskarewa ba ki sani ba, a zubar. Kada ki dogara da shinshinawa, ƙwayoyin da ke jawo amai da gudawa sau da yawa ba sa sauya wari ko ɗanɗano. Inda wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, shawararmu ki bar daskarar da abincin jariri gaba ɗaya.

Tambaya: Ba mu da firiji. Ina dama kunu da safe in zuba a fulas, in riƙa ba ɗiyata har dare. Akwai matsala?
Wata uwa daga Maraɗi

Amsa: Akwai. Duk buɗewa zafin fulas na raguwa, kafin la'asar kunun ya zama ɗumi-ɗumi, inda ƙwayoyin cuta suka fi so. In dole ne, ki ɗauraye fulas da tafasasshen ruwa, ki zuba kunun yana tafasa, ki gama da shi cikin awa 4, madara kuma sai lokacin sha za a sa. Abin da ya fi, ki ajiye garin a bushe: soyayyen gero, waken suya da gyaɗa, a niƙa, a rufe a busasshiyar roba, ki dama na sha ɗaya kowane lokaci. Ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna kafin suya, gubarta na illa ga hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Kada ki sa zuma a kunun har sai ɗiyarki ta cika shekara 1.